Abin Ɗaga Babur Don Gyara a Gida: Yadda Za a Zaɓa da Yadda Za a Kyautata Shi

A ƙasar Katagum ta Jihar Bauci, kamar sauran sassan ƙasar nan, babur shi ne dokin talaka. Da shi manomi yake kai amfanin gona kasuwar Azare, da shi kuma ɗan acaɓa yake ciyar da iyalinsa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 riƙon babur ya ƙara tsada, saboda haka mai babur yana da riba idan ya iya ƙananan gyare-gyare da kansa, kamar canza baƙin mai, da ɗaure sarƙa, da cire ƙafa don yin faci. Amma babur irin Bajaj Boxer ya haura kilo 100. Idan ya zame ya faɗo wa mutum, yana iya karya masa hannu ko ƙafa.

Wane Iri Ya Kamata a Saya?

Sitan tsakiya da ke jikin yawancin babura ya isa aikin ƙafar baya. Idan za a cire ƙafar gaba, ko kuma sitan ya lalace, sai an sami abin ɗagawa. Masu sauƙin kuɗi iri uku ne.

Na farko, dakalin katako mai ƙwari wanda kafinta zai haɗa daidai tsayin ƙarƙashin babur. Shi ne mafi arha, sai dai yana bukatar mutum biyu wajen ɗora babur a kai.

Na biyu, jak ɗin mota mai almakashi, wanda ake murɗawa da hannu. Ana samunsa wajen masu sayar da kayan mota na hannu. Ƙarfinsa ya wuce nauyin babur nesa ba kusa ba, amma kansa da gindinsa ƙanana ne, don haka yana saurin karkacewa.

Na uku, jak mai aiki da mai. Yana da sauƙin ɗagawa, amma idan robar cikinsa ta tsufa yakan sauka a hankali ba tare da an lura ba.

Kafin a biya kuɗi, a duba nauyin da aka rubuta a jikinsa, a ɗaga shi a sauke shi sau da yawa. Wanda ya tsage, ko ya lanƙwashe, ko zarensa ya cinye, ko yake yoyon mai, a bar wa mai shi kayansa. Arha ba ta ado.

Gyaran da Ya Dace

Ƙasar Azare da garin Katagum rairayi ne, da damina kuma takan yi laushi. Jak mai ƙaramin gindi nutsewa yake yi. Maganin wannan shi ne a ɗaure gindinsa da kusoshi masu noti a kan katako mai kauri da faɗi.

Daga nan mai walda ya sa wa kansa faifan ƙarfe mai faɗi, a shimfiɗa robar tsohuwar taya a kai don kada babur ya zame, kada kuma injin ya kurje. Yana da kyau a kafa zobe a kowane gefen katakon inda za a ɗaure babur da igiya mai ƙarfi.

Iyakar gyaran ke nan. Kada a yanke hannuwan jak, kada a huda su, kada a ƙara musu tsawo da walda, domin su ne ke ɗauke da nauyin.

Lokacin Aiki

1. A zaɓi wuri mai shimfiɗe, a kashe inji, a rufe makunnin fetur, a jira salansa ta huce.
2. A sassauta notin ƙafa tun babur yana ƙasa. Fizgar sifana bayan an ɗaga shi ita ke ture shi.
3. A sa jak a ƙarƙashin ƙarfen jikin babur, ba a ƙarƙashin salansa ko notin zubar da baƙin mai ba.
4. A tare ƙafar da ta rage a ƙasa da guntun itace gaba da baya.
5. Bayan ɗagawa a cusa katako a ƙarƙashi, ya zama mataimaki idan jak ya saki. Kada a yi amfani da bulon siminti, domin yana fashewa farat ɗaya.
6. Kada a shafa wa sarƙa mai alhali inji yana aiki, domin tana iya cinye yatsa.
7. A kawar da yara daga wurin har a gama.

Aikin cikin inji, da kowace matsalar birki da mai babur bai gane kanta ba, na ƙwararren makanike ne. Kuɗin katako da na walda kaɗan ne idan aka gwada su da kuɗin ɗori da kwanakin da magidanci zai yi a kwance ba ya nema. Rigakafi ya fi magani.