Janar Dermot Earley: Gwarzon Fili Da Bariki

A ƙasar Ailan akwai wata ƙwallon gargajiya da ake bugawa da hannu da ƙafa, mutum 15 kowane gefe, kuma ba a biyan 'yan wasa ko kwabo. A nan ne Dermot Earley ya yi suna. Daga 1965 zuwa 1985 ya buga wa lardin Roscommon, alhali yana aikin soja. Sau biyar suka ci kofin yankin Connacht, amma babban kofin ƙasa ya gagare su: a 1980 sun kai wasan ƙarshe, Kerry ta doke su. A soja kuwa, ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Labanan, har ya zama Babban Hafsan Sojojin Ailan a 2007. Ya rasu a 2010 yana da shekara 62.