Akwatin Wasiƙu a Lakwal ɗin Ƙauye

Ƙauyen yana cikin ƙasar Arewa, kusan tafiyar awa guda a kan babur daga Dogondutsi, kuma babu gidan waya a cikinsa. Amma a ofishin darektan lakwal, ɗakin da shi ne kuma ma'ajiyar alli da littattafai, akwai wani akwatin ƙarfe irin na amare. Da ya buɗe mini shi sai na ga wasiƙu ɗaure cikin roba, shekara-shekara, da hotuna da zane-zanen yara. Duk daga wata makarantar firamare suka fito, can a Faransa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Nijar. Garuruwa da dama sun daɗe da ƙulla ƙawance da takwarorinsu na Faransa: Dogondutsi da Orsay, Tasawa da Conflans-Sainte-Honorine, Tillaberi da Juvisy. A inuwar irin wannan ƙawance ne malamai kan sadu, wani ya ce wa wani ajina zai rubuto wa ajinka. Haka abin ya faro a nan.

'Yan aji biyar da shida ne ke rubutu, su ne hannunsu ya ɗan faɗa da Faransanci. Mako guda ake yi a kan wasiƙa ɗaya. Yaro zai fara tsara maganarsa da Hausa a ransa, ya juya ta a kan ɗan allonsa, malamin aji, wanda suke kira Mushe, ya duba, sannan a ba shi farar takarda, wadda ba a ba da ita sau biyu. Sai ka ga yarinya ta goge hannunta a zane sau uku kafin ta taɓa ta. Wasiƙar ɗan ƙauyen nan kuwa ba ta farawa sai da gaisuwa: ina gida, ina iyaye, ina sanyi, ya karatu. Wani sabon malami ya taɓa ƙoƙarin rage gaisuwar don ta yi daidai da tsarin da ke cikin littafi, darekta ya hana shi, kuma ina ganin ya yi daidai. Wanda bai gaishe ka ba, da wane baki zai tambaye ka labari?

Tambayoyin ne suka fi riƙe ni. Yaran nan suna son sanin awaki nawa ne a gidan abokansu, me suke nomawa, ko an yi ruwa bana, wa ke ɗebo musu ruwan sha. Na can kuma suna tambayar wane wasa ake yi da dare, yaya ake hawan jaki, me ya sa sunayen yara da yawa iri ɗaya ne. An daɗe ana muhawara a aji ranar da wata yarinya ta rubuto cewa karenta a ɗakinta yake kwana. Wani yaro kuma ya cika shafi guda yana bayyana yadda ake dama fura, daga surfe har zuwa nono, har Mushe ya rasa kalmomin Faransanci da zai ba shi, aka bar ludayi da ƙwarya da sunayensu, aka zana su a gefe.

Doka ɗaya ce darekta ba ya ɗaga ƙafa a kanta: ba a roƙo a cikin wasiƙa. Ba a neman keke, ba a neman waya, ba a ba da labarin talauci don a ji tausayi. Duk wasiƙar da ya ga haka a ciki sai ya mayar wa mai ita. Da farko wasu iyaye sun ji haushi, suna ganin ga ƙofa ta buɗe ana hana su shiga. Ni dai a wurina wannan dokar ce ta riƙe zumuncin har yau. Da yaro ɗan shekara 11 ya koyi cewa Bature wurin roƙo ne, ya yi asarar abin da ya fi aji tsada, shi ma na can ya koyi kallon abokinsa a matsayin almajirin ƙofar gida.

Maganar kuɗi tsakanin manya take, kuma daga hoto ta taso. An aika hoton aji, na can suka ga rumfar zana da karan gero, suka tambayi ina bangon. Duk wanda ya san lakwal ɗin karkara ya san wannan rumfa. Ana shiga makaranta a watan Oktoba, amma sai an gama girbi an samu kara kafin a kafa ta, ruwan farko kuma yana korar yara tun shekara ba ta ƙare ba. Ga wuta. A watan Afrilu na 2021 gobara ta cinye irin waɗannan azuzuwa a Yamai, yara kusan 20 suka rasu. A watan Nuwamba na shekarar aka sake yi a Maraɗi, aka rasa fiye da haka. Tun daga nan iyaye mata a ƙauyen nan ba sa samun kwanciyar hankali in iskar hunturu ta taso.

Can Faransa yaran suka tashi neman kuɗi irin yadda suka saba. Iyaye suka toya kek aka sayar a ƙofar makaranta, aka yi kasuwar tsofaffin littattafai da kayan wasa, aka yi tseren da kowane zagaye kawu ko maƙwabci ke biyan wani abu. Yuro ɗaya sefa 656 ne, wato kusan dala 131 a lissafin kasuwarmu, don haka ba ƙaramin kek aka sayar ba kafin a kai ga kuɗin siminti da kwano da ƙarfe.

Sai dai in ka ce wa mutanen ƙauyen Turawa sun gina musu aji, za su gyara maka zance. Kwamitin iyaye ya zauna a ƙofar maigari aka yanka wa kowane gida abin da zai kawo. Bayan girbi mai dami ya kawo dami, aka sayar ranar kasuwa aka biya magina. Masu amalanke suka yi gayyar yashi da tsakuwa. Mata suka ɗauki nauyin ruwa, tulu da jarka tun asuba, har aka gama buga bulo ana shayar da shi. 'Yan garin da ke ci-rani a Legas da Kwatano suka turo nasu. Ma'ajin kwamiti, wani dattijo da ajami kawai ya iya, ya rubuta kowane buhun siminti a littafinsa, aka karanta a gaban jama'a bayan sallar Juma'a, aka fassara aka aika can. Tukwici ma bai tsaya ba: faya-fayai, 'yan jakunkunan fata, da majajjawa guda da wani yaro ya nace sai an kai wa abokinsa.

A da, wasiƙun a jakar matafiyi suke zuwa, sau biyu ko uku a shekara. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 hanya ta toshe. Faransa ta dakatar da taimakonta, sojojinta suka fice a Disamba, ofishin jakadancinta ya rufe a farkon 2024, baƙin da ke zuwa kuma suka daina. Aji na biyu da aka yi niyya har yanzu tushe ne kawai. Rubutu dai bai tsaya ba. Mushe kan ɗauki hoton kowace wasiƙa da wayarsa, ya hau tudun bayan gari inda ake samun layi, ya tura ta WhatsApp. Amsar kuma sai ya je Dogondutsi a buga masa a takarda, don yara sun ƙi yarda da wasiƙar da ba za su riƙe a hannu ba.

Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, Mushe ya ƙara wani abu: kowa ya rufe wasiƙarsa da layi biyu na Hausa tare da fassara. Ranar da na bar ƙauyen, 'yan aji shida suna zaune a sabon ɗaki, 'yan aji ɗaya suna cikin rumfa, wata yarinya kuma tana ta nuna wa ƙawayenta takardar da aka rubuto mata sannu da aiki a ƙasanta, da baƙaƙe masu karkata.