Sunan Birnin Gwari da Asalin Kalmomi

Sunan Birnin Gwari kalmomi biyu ne kacal, amma duk wanda ya tsaya ya yi musu nazari zai tarar da wuya Bahaushe ya bugi ƙirji ya ce shi ya haifi ko ɗaya daga cikinsu. Ita birni, masanin harsunan nan na Amurka, Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a ƙasar Kano gab da Yaƙin Duniya na Biyu, ya kawo hujja a shekarar 1960 cewa daga Barebari muka aro ta, tare da kasuwa da karatu da rubutu. Ita kuwa Gwari, masu sunan Gbagyi ko Gbari suke kiran kansu, amma da yake bakin Bahaushe bai saba da harafin nan da ake haɗa g da b a furta su lokaci guda ba, sai ya lanƙwasa shi ya koma gw. Bai tsaya nan ba, sai da ya fitar da Bagware da Gwarawa, har da gwaranci, wadda yake jifan duk mai karya Hausa da ita, alhali kuwa shi ne ya fara karya sunan mutane.

Ƙasar Birnin Gwari mahaɗar harsuna ce tun zamanin da. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe a 1936, aka kuma mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, sunan Kamukawa ya ci, kuma a kasuwa guda mutum zai ji Hausa da Fillanci da harshen Gbagyi da na Kamuku. Abin mamaki, in aka bi salsala, Hausa ta fi kusa da Larabcin Hijaz a kan harshen Gbagyi da ke ƙofar gidanta, domin shi ɗan'uwan Nufanci ne, ita kuwa tana cikin dangin harsunan Chadi, waɗanda Greenberg, a littafinsa na 1963, ya jera su zuri'a ɗaya da Larabci da Ibrananci da harshen Abzinawa da na Misirawan dauri. Hujjarsa ba kalmomin masallaci ko na kotun alƙali ba ne, a'a, kalmomin da ba a cika aronsu ba ne, kamar mutu da mata ta Larabci, suna da ismu, halshe da lisan, me da ma. Mafi ƙarfi ma shi ne lamirai, gama ka da ki da ku namu su ne ka da ki da kum na Larabawa, kuma ya ta namiji da ta ta mace su ne ɗalibin nahawu yake gani a goshin yaktubu da taktubu. Harshe yakan ari sunan tufa ko na kuɗi cikin dare ɗaya, amma ba kasafai yake aron ƙashin bayansa ba.

Aro kuwa babinsa daban, kuma yakan bar sawu. Lam ɗin da ke farkon lokaci da laifi da labari da littafi ragowar alif da lam ce ta alwaƙt da al'aib da alkhabar da alkitab, ta manne ta ƙi fita.

Bayan kamar dangantaka da ta aro, saura kama ta uku, wadda ita ce ke ruɗin jama'a, wato a ji kalmomi biyu sun yi amo ɗaya a kunne, nan da nan a yanke hukunci cewa akwai wani sirri da Ubangiji ya ɓoye a tsakaninsu. Wannan zato ba na jahilai kaɗai ba ne, yana da tushe a wata tsohuwar muhawara ta malamai: shin harshe tauƙifi ne, wato Allah ne ya sanya wa kowane abu sunansa, ko kuwa isɗilahi ne da 'yan Adam suka yi ittifaƙi a kansa? Ibn Faris, mai littafin Assahibi, ya tsaya a kan tauƙifi, yana kafa hujja da ayar Suratul Baƙara da ta ba da labarin sanar da Annabi Adamu sunaye. Ibn Jinni, wanda ya rasu a shekara ta 392 bayan Hijira, ya auna ɓangarorin biyu a cikin Alkhasa'is, kowanne ya ja shi, har ya ƙi yanke hukunci. Imam Suyuɗi, wanda ya taɓa aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya tattara maganganunsu a Almuzhir. Sai dai ko mai riƙo da tauƙifi a kan asalin harshe yake magana, bai ce duk amon da ya yi karo da wani amon ishara ce ba. Ayar Suratur Rum ma saɓanin harsuna ta lissafa cikin alamomin ƙudura, ba kamanninsu ba.

Ɗauki sunan da Gbagyi suke kiran Mahalicci da shi, Shekwo. Wanda ya ji shi da kunnen Hausa yana iya tuna Shehu, ya gina tafsiri mai daɗin ji a kai, amma Shehu daga shaikh take, wato dattijo, ita kuwa Shekwo, in ana nema mata 'yar'uwa, sai a dubi Soko ta Nufawa, inda dangantakar harsunan ta tabbata ta wasu hanyoyi masu yawa. Haka Maguzawa, da ake cewa daga gudun salla sunan ya fito, alhali masana da dama sun fi karkata ga majus ta Larabci. Dalilin yawan irin wannan karo a fili yake, domin haruffan da bakin ɗan Adam ke iya furtawa 'yan kaɗan ne, kalmomi kuwa dubbai ne a kowane harshe, harsunan duniya kuma sun kai wajen dubu bakwai.

Ko laƙabin Mai Gwari da ake haɗawa da sunan Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na Biyu, ya isa misali. Bahaushe zai ji mai ta mallaka, irin ta mai gida da mai unguwa, Babarbare kuwa zai ji Mai ta sarauta, irin ta Mai Idris Aloma, kuma kowannensu zai rantse cewa tasa aka faɗa. Kunne ba zai raba wannan gardama ba, sai an koma ga tarihin gidan sarautar da kirarin da maroƙanta suka gada.