Kotun ECOWAS: Abubuwan da ya kamata ka sani

Da an ambaci ECOWAS, ko CEDEAO kamar yadda ake kiranta a Nijar, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne taron shugabanni, takunkumi da rufe iyaka. Kaɗan ne ke tuna cewa ƙungiyar tana da kotu a Abuja, inda talaka zai iya maka gwamnatin ƙasarsa a gaban alƙalai.

Daga ina ta samo wannan iko?

Yarjejeniyar kafa kotun ta fito a 1991, alƙalan farko kuma suka kama aiki a 2001. Da fari gwamnatoci kaɗai ke da damar shigar da ƙara, shi ya sa ta yi shekaru kusan a zaune. A 2005 aka yi gyaran da ya buɗe ƙofa ga ɗaiɗaikun mutane su kai kukan tauye haƙƙi. Gyaran bai wajabta wa mai ƙara ya fara bin kotunan ƙasarsa har ƙarshe ba, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda shari'a ke cin shekara goma tana yawo tsakanin ɗage zama da ɗaukaka ƙara ya san girman wannan rangwame.

Ma'aunin da alƙalan suka fi dogaro da shi shi ne Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da al'umma ta 1981. Najeriya ta mayar da ita dokar cikin gida tun 1983.

Shari'ar da ta fito da sunan kotun

A 1996 aka sayar da Hadijatou Mani a yankin Ƙonni na Nijar kan kuɗi sefa 240,000. Shekarunta goma sha biyu. Wanda ya saye ta ya ajiye ta a matsayin wahaya, wato macen da ake ƙarawa a kan mata huɗu ba tare da ɗaurin aure ba, ga aikin gida da na gona, ga kwanciya da maigida. Nijar ta sanya bauta cikin manyan laifuka a 2003. A 2005 mutumin ya ba ta takardar 'yanci, amma ya kafe cewa ita matarsa ce. Da ta auri wanda take so, sai wata kotu ta yanke mata ɗaurin wata shida bisa laifin aure kan aure. Wadda aka zalunta ita ce ta kwana a kurkuku.

Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta na cikin waɗanda suka tsaya mata har ƙarar ta kai gaban Kotun ECOWAS, wadda ta tashi daga Abuja ta zo Yamai ta yi zama. Ranar 27 ga Oktoban 2008 alƙalan suka yanke cewa hukumomin Nijar sun gaza kare ta daga bauta, suka umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Gwamnati ta biya. A ganina kuɗin shi ne ƙaramin abin da aka samu. Al'adar da ake rufa wa asiri a ƙauyuka, manya kuma suna musun wanzuwarta, ta shiga rubutaccen hukunci da sunanta na gaskiya, har alƙalin ƙaramar kotu ya san akwai wani ido a kansa.

Idan shari'a ta taɓa kujerar mulki

A nan ne kotun ke cin karo da bango. Bayan sojoji sun kifar da shugaban Nijar Mamadou Tandja a Fabrairun 2010, kotun ta ce tsare shi ya saɓa doka, a sake shi. Sai aka ɗauke shi daga inda ake tsare da shi aka kai gidan yarin Kollo, bai fito ba sai a Mayun 2011, bayan mulki ya koma hannun farar hula.

A Najeriya, Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro da aka tuhuma da karkatar da kuɗin makamai, ya samu beli daga kotunan ƙasar fiye da sau ɗaya, jami'an tsaro suna ci gaba da riƙe shi. A Oktoban 2016 Kotun ECOWAS ta umarci a sake shi, a kuma biya shi naira miliyan 15. Sai a Disamban 2019 ya shaƙi iskar waje. Mutum zai iya ganin laifin Dasuki kan kuɗin makamai, ya kuma yarda cewa gwamnatin da ke zaɓar umarnin kotun da za ta bi ta buɗe ƙofar da gobe za ta iya cin kowa. Hamɓararren shugaban Nijar Mohamed Bazoum ma kotun ta ce a sake shi a mayar masa da kujerarsa ranar 15 ga Disamban 2023, sojojin Yamai suka yi kunnen uwar shegu.

Dalilin a fili yake. Kotun ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Ƙasar da aka kayar ita ake jira ta zartar da hukunci a kan kanta, kamar a ba kura ajiyar nama.

To mene ne amfaninta?

Tana ba lauyoyi, 'yan jarida da 'yan adawa abin riƙewa. Lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe Twitter a Yunin 2021, ƙungiyar SERAP da wasu sun garzaya kotun. An buɗe shafin a Janairun 2022, kafin hukuncin watan Yuli da ya ce rufewar ta saɓa doka, amma duk gwamnatin da za ta sake gwada haka ta san akwai hukunci a ajiye yana jiranta.

Babbar shaidar cewa hukuncin yana yi wa masu mulki ciwo ita ce yadda suke ƙoƙarin karya irin waɗannan kotuna. Bayan shari'ar ɗan jarida Ebrima Manneh, gwamnatin Yahya Jammeh ta Gambiya ta nemi a rage ikon kotun a 2009, sauran ƙasashe suka ƙi. Kudancin Afirka bai yi wannan sa'a ba: kotun ƙungiyar SADC ta yanke hukunci kan ƙwace gonaki a Zimbabuwe, shugaban ƙasar Mugabe ya fusata, aka dakatar da kotun a 2010.

Sauran ƙofofi

Akwai Hukumar Afirka ta kare haƙƙi a Banjul, wadda ke aiki tun 1987, sai dai shawara take bayarwa. Akwai Kotun Afirka a Arusha ta Tanzaniya, amma mutum ba ya kai ƙara can kai tsaye sai ƙasarsa ta ba da izini a rubuce. Najeriya ba ta ba da shi ba. Ruwanda, Benin, Kwadebuwa, har da Tanzaniya mai masaukin kotun, sun bayar sannan suka janye.

Nijar, Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025. An yi ta muhawara kan fasfo, haraji da shige da ficen kaya a Jibiya da Illela, ba a cika jin wanda ya ambaci kotun ba. Yarinyar da ke cikin halin Hadijatou a wani ƙauyen Tawa yau ba ta da hanyar zuwa gaban waɗancan alƙalai na Abuja.