Ciwon Siliyak da Alkamar da Ke Ɓoye a Cikin Abinci

Daga cikin cututtukan da malaman ɗibbu suka daɗe suna ganin alamominsu, alhali sababinsu ya ɓuya gare su, akwai wanda ake kira siliyak, watau lalurar da ke sa garkuwar jiki ta far wa ƙaramin hanji duk sa'ad da mutum ya ci gulutin, sinadarin nan na alkama da sha'ir da ke ba kwaɓin fulawa danƙo, har hanjin ya kasa tsotsar amfanin abinci, gudawa da rama da ƙarancin jini su biyo baya. Likitan yara Willem Dicke ya sami hujja mai ƙarfi cewa alkama ce sababin ciwon a lokacin yunwar da ta auka wa ƙasar Holan daga 1944 zuwa 1945, domin da burodi ya yanke yaran da ke jinyar wannan ciwo suka murmure, da ya dawo kuma ciwo ya dawo.

Allah ya yi mana luɗufi, gero da dawa da masara da shinkafa da acca da wake da rogo duk babu gulutin a cikinsu. Gurasa da alkubus da finkaso da taliya kuwa al'amarinsu a fili yake, mai lalura ya san su. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne alkamar da ba a gani: ɗanwaken da yau ake kwaɓawa da fulawa, da wainar da aka barbaɗa wa ita don ta yi laushi, da tuwon semo da wasu ke zaton na masara ne alhali garin alkama ne, balle injin niƙa da ya gama da alkamar wani ya karɓi geron wani, ko man da aka soya fanke a ciki sa'an nan aka saka ƙosai. Ƙa'idar da hukumomin abinci suka gindaya ita ce kada gulutin ya wuce kashi 20 cikin miliyan a abincin da ake kira marar gulutin, ashe ko ɗan abin da ya maƙale a rariya da muciya yana iya yin illa.

Sabili da haka ya wajaba a keɓe wa mai lalura nasa kayan girki, kuma kada kunya ta hana shi tambaya a gidan biki, kada masu gida su ɗauka girman kai ne. Wanda kuwa ke zargin yana da ciwon, kada ya bar alkama sai an auna jininsa a asibiti, domin barinta kafin awo yana ɓoye alamar da likita ke nema.