Kwamfutar da Ta Faɗi Ta Yi Shiru: Yadda Ake Gano Illarta

Daga cikin jarrabawar da takan sami ma'abuta kwamfutar tafi-da-gidanka, ɗalibi ne ko malami ko ma'aikacin ofis, akwai wadda take biyo bayan na'urar ta suɓuce daga hannu, ko ta faɗo daga kan tebur, ko kuwa shayi ya zube a kanta, sai a kunna ta ta kunnu, allo ya yi haske, rubutu ya fito sumul, amma sauti ya ɗauke ɗif, ko ya riƙa fita a shaƙe yana karkarwa. A irin wannan hali mutane da yawa sukan yanke hukunci nan take cewa kwamfutar ta mutu, alhali kuwa hukunci ba ya inganta sai da hujja, hujja kuma ba ta samuwa sai da bincike a tsanake.

Wajibi ne mai karatu ya san cewa sautin kwamfuta ya dogara ne da sassa huɗu. Na farko shi ne manhaja, tare da direban da yake sada ta da kayan ciki. Na biyu wani ɗan ƙaramin guntu ne a jikin babban faranti, wanda galibi kamfanin Realtek ke ƙerawa bisa tsarin da Intel ya fitar a shekarar 2004, aikinsa kuwa mayar da lissafin kwamfuta ya zama siginar lantarki. Na uku shi ne ramin iyafis mai faɗin milimita 3.5. Na huɗu su ne lasifiku biyu, waɗanda siririyar waya mai ɗan kai take haɗa su da farantin. Faɗuwa na iya taɓa kowanne, don haka hikima ita ce a fara da mafi sauƙi.

A fara duba ko wani maɓalli ya danne ya kashe sauti, a kuma tabbatar Windows bai karkata sautin zuwa HDMI ko wata na'urar Bluetooth ba. Daga nan sai a sa iyafis. In an ji sauti garau a cikinsa, to bishara ce, domin ya tabbata manhaja da guntun suna lafiya, illar tana ga lasifiku ko wayarsu ko ramin iyafis, kuma sau da yawa ɗan kan wayar ne kawai ya zame daga mazauninsa saboda girgiza. In kuwa babu sauti ta ko'ina, sai a gwada na'urar sauti ta USB ko ta Bluetooth, waɗanda ba sa bi ta kan guntun ciki; idan suka yi magana, zargi ya koma kan guntun ko direbansa. Mai son ƙarin yaƙini yana iya tayar da kwamfutar da manhajar Ubuntu daga filasha, ko ya shiga gwajin da masu ƙira suka tanada, wanda a Dell ake samu ta danna F12 lokacin kunnawa, a HP kuma ta Esc sannan F2; shirun da ya dawwama a nan ma, alama ce mai ƙarfi cewa ciwon na ƙarfe ne, sake ɗora manhaja ba zai warkar da shi ba.

Ramin iyafis ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne mas'alar da ta fi rikita mutane. A cikinsa akwai wani ɗan harshe na ƙarfe wanda yake sanar da kwamfuta cewa an soka iyafis, ita kuma sai ta yanke wa lasifiku sauti. To, idan na'ura ta faɗi da iyafis a jikinta, harshen nan yakan lanƙwashe, ko bakin iyafis ya karye ya maƙale a ciki, sai kwamfutar ta zauna bisa zaton cewa har yanzu akwai mai saurare, ta kame bakinta alhali lasifikunta lafiya ƙalau. A haska ramin da tocilan a duba, amma kada a tsokane shi da allura.

Amma sautin da yake fita da karkarwa, musamman idan an ƙara murya, yana nuni ga lasifikar kanta. A cikinta akwai maganaɗisu da naɗin waya da wata fata mai laushi da take kaɗawa. In fatar ta yage, ko maganaɗisun ya jawo ɓarɓashin ƙarfe, murya takan gurɓace. A karkata sautin hagu, sannan dama, za a gane wadda ta jikkata, musanya ta kuwa ba ya cin kuɗi mai yawa.

Sha'anin ruwa dabam yake, domin shi ɓarnarsa a hankali take tafiya ta hanyar tsatsa. Abin da ya wajaba shi ne a kashe na'urar nan take, a zare caja, a kife ta, a kai ga gwani ya buɗe ya goge farantin da sinadarin da aka tanada don haka. Binne ta cikin shinkafa ba ya cire sukari ko gishirin da suka bushe a ciki. Haka kuma, in an ga gindinta ya kumbura bayan faɗuwa, ko an ji wani wari, a daina yi mata caji, domin batirin litiyom da ya ji rauni yana iya kamawa da wuta.

Idan zuwa wurin mai gyara ya zama dole, mutum ya kwafe muhimman takardunsa tukuna, sannan ya bayyana masa abin da ya gwada da abin da ya gani, ya roƙe shi ya duba kan waya da ramin iyafis kafin a yi maganar sauya faranti. Mai gyara mai amana zai yi farin ciki da wannan bayani, domin ya rage masa rabin aiki. Ko da an tarar guntun ne ya ƙone, 'yar na'urar USB mai rahusa takan wadatar shekara da shekaru, kuma jefar da kwamfuta sukutum saboda illa guda almubazzaranci ne da hankali da shari'a duka ba su yarda da shi ba.