Tsabar Azurfar Rumawa da Aka Tono a Hoxne

A ranar 16 ga Nuwamba, 1992, wani dattijo ya shiga wata gona a ƙauyen Hoxne da ke gabashin Ingila, yana neman gudumar abokinsa da ta ɓata. Yana riƙe da na'urar gano ƙarfe, wadda ke aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, ta yi ƙara idan ta ci karo da ƙarfe. Maimakon guduma, sai ya tarar da dukiyar Rumawa. Bai ci gaba da haƙa ba, ya sanar da hukuma. Washegari masana kayan tarihi suka haƙa wurin, kuma jimillar tsabar kuɗin da aka samu ta kai 14,865, fiye da 14,000 daga ciki na azurfa ne.

To, yaushe aka binne su? Masana kan duba tsaba mafi sabunta, domin ba a binne kuɗin da ba a riga an buga ba. A nan, mafi sabunta na Sarki Constantine na Uku ne, na wajen shekarar 407 zuwa 408.

Abin lura kuma shi ne, mafi yawan tsabar an yanke musu gefe, amma an bar hoton kan sarki. Masana da dama na ganin cewa da mulkin Rum ya ƙare a Birtaniya wajen shekarar 410, sababbin kuɗi suka daina shigowa, sai mutane suka riƙa gutsurar azurfa daga tsofaffi, suna kuma ci gaba da ciniki da su.

Yau wannan dukiya tana gidan tarihi na British Museum a Landan, har da gudumar.